Kiɗan Badujala: Darasin Da Ke Cikin Busar Turawan Ingila Ga Mutanen Zangon Wagadugu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ranar fareti ya san cewa 'yan badujala ba su buƙatar mai shela. Tun daga nesa ake fara jin dukan babbar ganga a ƙirji kafin kunne ya rarrabe busa, sai ka ga mai shayi ya bar butarsa a kan wuta, tela ya ɗaga ƙafa daga kan keke, yara kuwa tuni sun yi gaba suna kwaikwayon maci. Haka abin yake a Kano da Kumasi da Yamai, haka kuma yake a nan Wagadugu a duk lokacin da sojoji ko jandarma suka fito da kayan busarsu.

Badujalar da muka saba ji a wannan ƙasa renon Faransa ce, domin kuwa ita ce ta yi mana mulkin mallaka, ita ta bar mana tsarin bariki da salon maci. To amma kunnen mutanen Zango ya daɗe da sanin wata badujalar ta daban, wato ta Turawan Ingila, wadda ta biyo hanyar goro ta iso musu. A yau za mu duba asalin wannan kiɗa, da abin da ya sa mabusa da masu sauraro suke riƙe da shi sama da shekara 100, sa'an nan mu ga abin da ya shafe mu a ciki, mu da tsohuwar unguwarmu ta riga ta zama labari.

Zango da hanyar kudu

Kafin mu yi nisa ya kamata mu bambance wa mai karatu. Akwai unguwar da ake kira Zongo a yammacin birnin nan, wadda ta bunƙasa a baya-bayan nan. Zangon da muke nufi shi ne tsohon zangon Hausawa na tsakiyar gari, wanda ake kira Zangwetin, a takardun hukuma kuma ake rubuta shi Zangouettin. Sunan da kansa ya ba da labarin wurin: masaukin fatake ne. Tun kafin zuwan Turawa ayarin Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa ke ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja, suna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro daga kasuwar Salaga. Wasu suka yada zango ba su tashi ba, suka yi aure, suka gina masallatai da makarantun allo. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan uwansu suka bazu zuwa Kumasi da Akara da sauran garuruwan kudu, zumunci kuma bai yanke ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, saura ƙiris Wagadugu ta faɗa hannun Ingila. A 1894 wani jami'in gwamnatin Gwalkwas, wato Ghana ta yau, mai suna George Ekem Ferguson, ɗan ƙabilar Fante, ya iso nan ya ƙulla yarjejeniya da Mogho Naba Wobgo. Shekara 2 bayan haka, a 1896, sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet suka shigo birnin da ƙarfin bindiga. A 1898 ƙasashen biyu suka zauna a Faris suka ja layi, ƙasar Mosi ta zama rabon Faransa.

Sai dai layin da aka ja a takarda bai hana ƙafa tafiya ba. Dubban samari daga nan suka riƙa tsallakawa Gwalkwas, wasu gudun aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke shi ba sai a 1946, wasu neman kuɗi a gonakin koko da ramukan zinariya, wasu kuma suka shiga soja.

Lokacin da Hausa ta zama harshen bariki

Sojan da suka shiga, da Hausa ake ba da umarni a cikinsa. Tushen abin yana Ikko, inda a 1863 wani hafsan jirgin ruwa mai suna John Glover ya tara wata 'yar runduna ta Hausawa, akasarinsu bayin da suka gudo daga iyayengijinsu. Daga wannan runduna sojojin Nijeriya ke ƙirga tarihinsu. An kai wasu daga cikinsu Gwalkwas lokacin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a 1879 kuma aka kafa wa ƙasar tata rundunar, wadda jama'a suka ci gaba da kira ta Hausawa ko da yake akwai Mosawa da Gurunsawa da Dagombawa da yawa a cikinta. Daga 1897 Lugard ya fara haɗa babbar rundunar Afirka ta Yamma. Daga wannan zama ne muka gaji kalmomi irin su soja da kofur da saja da samanja da fareti da begila.

Kurtun da ya shiga bariki, begila ce ke tashinsa da asuba, ita ke kiransa cin abinci, ita ke sallamarsa ya kwanta. Ranar fareti kuma badujala ce ke gyara masa taku. Har akwai wata busa ta sallama da aka raɗa wa sunan ban-kwanan Hausawa, wadda ake yi wa hafsan da zai bar aiki. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 zuwa Bama, da wannan amo a kunnensu suka tafi, da shi kuma waɗanda Allah Ya yi wa sauran kwana suka dawo zangunansu.

Ba za mu ɓoye gaskiya ba: wannan busa ba ta zo mana da sallama ba. Rundunar da ke tashi da begila ita ce ta fasa ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, ta kuma yi ɓarnar Burmi a watan Yuli. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa iyaye a zango suka daɗe suna yi wa badujala kallon kayan bariki, kalmar ɗan bariki kuwa kowa ya san ba yabo ba ce. Amma kayan busa ba su da ƙabila. Abin da ya dace mu tambaya shi ne, mene ne a cikin kiɗan da ya sa ya fi mulkin da ya kawo shi tsawon rai?

Daga abin kunya zuwa makaranta

A Ingila kanta kiɗan soja bai fara da tsari ba. Kowace bataliya hafsoshinta ne ke ɗaukar nauyin mabusanta, su ɗauko shugaban da suka ga dama, galibi daga Jamus ko Italiya. A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, aka tara badujala masu yawa a Scutari ta ƙasar Turkiyya domin bikin ranar haihuwar Sarauniya Victoria. Da aka ce su busa taken ƙasa tare, sai kowace ta kama a nata matakin murya, abin ya zama hayaniya a gaban manyan baƙi. Wannan abin kunya ne ya sa a 1857 aka buɗe makarantar horar da mabusan soja a wani gida da ake kira Kneller Hall kusa da Landan, inda ta zauna har zuwa 2021 da aka mayar da ita wani wurin.

A daidai wannan zamani wata badujalar ta taso a wajen bariki, ta leburori. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne maɓallin da wasu Jamusawa suka ƙirƙiro a farkon ƙarni na 19. Begila ba ta da maɓalli, don haka muryoyi ƙalilan take iya fitarwa, kamar dai kakakinmu. Da aka sanya wa ƙaho maɓallai 3, kowanne yana ƙara wa hanyar iska tsawo idan an danna shi, sai ya zama zai iya rera kowace irin waƙa. A shekarun 1840 Adolphe Sax, ɗan Beljiyam mazaunin Faris, wanda ya ƙirƙiro saksafon, ya ƙera ƙahoni dangi guda daga ƙarami zuwa babba, aka kai su Ingila suka karɓu. Ashe ke nan ko a badujalar Ingila akwai hannun Faris.

Masu masaƙu da masu ramukan kwal na arewacin Ingila suka riƙa saya wa ma'aikatansu waɗannan kaya. Badujalar masaƙar Black Dyke ta kafu a 1855, gasar Belle Vue ta birnin Manchester kuma ta fara a 1853. Dabarar da suka yi ita ce, kusan dukkan ƙahonin salon rubutunsu ɗaya ne, danna maɓallansu ma ɗaya ne. Yaron da ya fara da ƙaramin ƙaho, idan ya girma ƙirjinsa ya buɗe, sai a miƙa masa babba ya ci gaba ba tare da ya koma farko ba. Mutum 25 da 'yan ganga sun isa a kafa ƙungiya. Yatsu 3 kawai ake buƙata, ko da kuwa hannun ya yi kanta saboda diga da shebur.

Malamin makarantar da ya sauya al'amarin

Duk da wannan bunƙasa, har zuwa farkon ƙarni na 20 manyan masu tsara kiɗa ba su ɗauki badujala da muhimmanci ba. Abin da take busawa bai wuce maci da kwaikwayon kiɗan da aka tsara wa wasu kayan ba, tamkar mai sanye da rigar aro. Wanda ya sauya wannan shi ne Gustav Holst, wanda aka haifa a 1874 ya rasu a 1934. Ciwon jijiya a hannun dama ya hana shi zama gwanin piyano, sai ya koma busa turambon, ƙahon nan da ake ja ana turawa, ya ci abinci da shi shekaru. Daga baya ya zama malami a wata makarantar 'yan mata a Landan, da dare kuma yana koyar da ma'aikata a kwalejin Morley. Saboda haka ya san zaman mabushi daga ciki: ya san gajiyar leɓe, ya san takaicin wanda aka ajiye a layin baya yana ƙirga lokaci ba a ba shi abin yi ba.

A 1909 ya rubuta jerin kiɗansa na farko domin badujala, wanda aka sani da First Suite in E-flat, ko da yake sai a 1920 aka busa shi a bainar jama'a a Kneller Hall. Kashi 3 ne, duka ba su fi minti 11 ba, kuma dukkansu daga muryoyi 3 na farko suka tsiro. Kashin farko yana farawa ne a hankali daga manyan ƙahoni masu kaurin murya, waɗanda a da aikinsu bai wuce riƙe gindin kiɗa ba. Su ke gabatar da wata gajeriyar waƙa. Daga nan sai waƙar ta riƙa zagayawa daga hannu zuwa hannu har sau 16, yanzu tana wurin turambon, an jima tana wurin sarewa, sauran kuma suna yi mata ado. A tsakiya sai ya kifar da ita, inda take hawa ta koma sauka, yanayin ya yi duhu kamar hadari ya taso, kafin ta miƙe ta dawo da ƙarfin kowa da kowa. A kashi na ƙarshe kuwa waƙoƙi 2 ne, ɗaya mai zafi ɗaya mai sanyi, kowace ta yi nata zagayen, a ƙarshe ya ɗora su a kan juna suka tafi tare ba tare da sun yi karo ba.

Mai karatun da ya saba da kiɗan kalangu ko na kotso ba zai ji wannan tsari baƙo ba, domin mu ma haka muke yi: a kafa gindi guda ana maimaitawa, gwaninta kuma tana cikin abin da aka ɗora a kai. Shi kansa Holst ya je Aljeriya a 1908, inda ya ji wani mai sarewa yana nanata 'yar gajeriyar busa guda na tsawon lokaci, abin ya zauna masa a rai har ya gina wani kiɗan nasa mai suna Beni Mora a kai. Wata hikimar kuma ita ce, ya tsara jerin nan yadda mutum 19 za su iya busa shi, idan an samu ƙari kuma ya ɗauke su. Wato ƙaramar badujalar ƙauye da babbar ta fada duk suna da rabo.

Waƙoƙin ƙauye a bakin ƙaho

Jerinsa na biyu, wanda ya rubuta a 1911 aka fara busawa a 1922, da waƙoƙin gargajiya na mutanen karkara ya gina shi. A ciki akwai waƙar maƙeri, inda ake shigo da uwar maƙera cikin badujala ana dukanta da guduma. Mu da muka san cewa dundufa ta maƙera ce, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

A ina ya samo waɗannan waƙoƙi? A nan labarin ya fi shafar mu. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙauyukan Ingila suna ta zubewa cikin birane, matasa sun koma masana'antu, waƙoƙin noma da na masunta da na zance sun rage a bakin tsofaffi kawai. Sai wasu mutane suka tashi da littafi da fensir suna bin ƙauyuka. Cecil Sharp ya fara a yankin Somerset a 1903. A wannan shekarar ce kuma aminin Holst, Ralph Vaughan Williams, ya fara nasa yawon, inda ya tattara waƙoƙi sama da 800. Percy Grainger, haifaffen Ostareliya, ya shiga yankin Lincolnshire a 1906 da na'urar ɗaukar murya ta farko-farko, mai zana sauti a jikin kaki, domin kada ko karkarwar muryar tsoho ta ɓace.

Daga wannan taska Vaughan Williams ya fitar da English Folk Song Suite, wanda aka fara busawa a Kneller Hall a 1923. Shekara guda bayan haka ya rubuta Toccata Marziale domin babban baje kolin daular Ingila da aka yi a Wembley, inda aka gina wa Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa irin ta biranen ƙasar Hausa. Grainger kuma ya fitar da Lincolnshire Posy a 1937, yana ƙoƙarin sa ƙahoni su kwaikwayi yadda kowane tsoho ya rera tasa waƙar. A shekarun 1950 wani Ba'amurke mai suna Frederick Fennell ya ɗauki waɗannan kiɗe-kiɗe a faifai tare da ɗalibansa na makarantar Eastman, daga nan suka zama abin da kusan duk ɗalibin busa ke cin karo da shi, daga Amurka har Japan. Tsofaffin da suka rera waƙoƙin sun daɗe da zama ƙasa, ƙauyukan sun sauya kama, amma waƙoƙin na nan.

Me ke jan mabushi, me ke riƙe mai sauraro?

Ga mabushi, abu na farko shi ne babu ɗan bora. A irin wannan kiɗa kowa na da lokacin da za a ji muryarsa, kuma kowa na da lokacin da dole ya sassauta domin a ji ta ɗan uwansa. Wanda ya cika son a ji shi, shi ke ɓata taro. Abu na biyu, ba shi da wuyar shiga amma yana da wuyar ƙurewa: ɗalibin shekara 2 zai iya bin rubutun, wanda ya shekara 40 yana busa kuma bai gama gano yadda zai daidaita numfashinsa da na mutum 30 ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana, badujala kuwa jinka ce da ake ɗagawa da numfashi.

A nan akwai bambanci da namu tsarin. Algaita da kakaki da farai kayan fada ne, kuma busarsu gado ce. Gwanintar mai algaita, wanda ke shaƙar iska ta hanci alhali kumatunsa na ci gaba da tura ta ba tare da sautin ya yanke ba, abu ne da mabusan Turai ke shan wahala kafin su koya. Ita algaitar ma 'yar uwar obo ce ta cikin badujala, kakansu ɗaya. Amma ɗan da ba a haifa a gidan mabusa ba da wuya ya samu shiga, kakaki kuwa ba a busa wa talaka. Badujala ta zo da wata ƙofar: ɗan kowa, muddin zai jure horo, zai samu kujera.

Ga mai sauraro kuma, kiɗa ne na fili, ba ya buƙatar lantarki ko lasifika, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a garuruwanmu. Yana da waƙar da za ka tafi gida kana yi da fito. Macin nan na Colonel Bogey, wanda wani shugaban badujalar soja mai suna Ricketts ya rubuta a 1914 da sunan aro na Kenneth Alford, mutane da yawa sun san shi ba tare da sun san sunansa ba. Ga shi kuma yana iya ɗaukar murna da makoki duka: ƙahonin da suka sa ka taka da safe, su ne za su sa ka hawaye da yamma idan suka sassauta.

Yadda maƙwabta suka mayar da shi nasu

Mutanen bakin teku ba su tsaya kallo ba. A shekarun 1870 Ingila ta ajiye sojoji baƙar fata daga tsibiran Karibiyan a Cape Coast, matasan Fante suka ji yadda suke karkata maci zuwa rawa idan sun tashi daga aiki. Kafin ƙarshen shekarun 1880 sun kafa nasu ƙungiyoyin, suka haifar da salon da ake kira adaha. Ƙauyukan da ba su da kuɗin sayen ƙaho suka yi nasu da ganguna da murya, suka kira shi konkoma. Wannan na daga cikin saiwoyin kiɗan hailaif da E.T. Mensah ya yaɗa a shekarun 1950, wanda amonsa ya iso har nan. Ko ƙungiyar kiɗan zamani da aka kafa a Wagadugu a 1948, Harmonie Voltaïque, kalmar farko ta sunanta ita ce wadda Faransawa ke kiran badujala da ita.

A Nijeriya, kiɗan taken ƙasar da aka yi amfani da shi daga 1978 zuwa watan Mayun 2024 shugaban badujalar 'yan sanda ne, Ben Odiase, ya tsara shi. A Kwatano kuma, tun 1994 ƙungiyar Gangbé ke ɗora waƙoƙin gargajiyar ƙasar Benin a kan ƙahoni, ta kuma zaga duniya da su. Duk waɗannan abin da Holst da abokinsa suka yi suka maimaita: kayan na baƙo, waƙar ta gida.

Ramin kwal da tsohon Zango

Akwai wani ƙauye a arewacin Ingila mai suna Grimethorpe, wanda rayuwarsa kacokan ta dogara ga ramin kwal, yana kuma da badujalar ma'aikata tun 1917. A watan Oktoban 1992 gwamnati ta sanar da rufe ramuka 31, har da nasu. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar mabusan suka je Landan suka lashe gasar ƙasa baki ɗaya. An rufe ramin a 1993, aikin yi ya ƙare, mutane da yawa suka watse, amma badujalar ba ta mutu ba, har aka yi fim a kan labarinta a 1996. Abin da ya haɗa mutanen ya rushe, abin da suke busawa ya ci gaba da kiran sunan garinsu.

Mu ma mun ga irin wannan rana. A 2003 aka rushe Zangwetin tare da wasu tsofaffin unguwannin da ke kewaye da titin Kwame Nkrumah a ƙarƙashin shirin ZACA, domin a gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Dubban mutane suka kwashe kayansu, aka ba wasu filaye a wajen Ouaga 2000, wasu a Nioko, wasu suka nufi inda hali ya kai su. Filin ya shekara da shekaru babu kowa a kansa sai ciyawa. An biya diyyar gini, amma babu wanda ya san kuɗin maƙwabtaka. Unguwar da mai kalangu zai fito ƙofar gida ya san taken kowane mahauci, inda 'yan mata ke gaɗa a dandali da farin wata, inda yara ke tashe da azumi, inda mata ke waƙar daka da ta reno, ta rabu gida-gida. Irin waɗannan waƙoƙi ba a littafi suke zaune ba, a cikin cuɗanya suke. Yaron da aka haifa a shekarar da aka yi rusau yanzu ya haura shekara 20, bai taɓa kwana a Zango ba.

To ina mafita? Ba muna cewa a bar algaita a kama turambon ba ne. Abin da muke cewa shi ne, aikin da Sharp da Vaughan Williams suka yi da fensir, yau duk mai wayar hannu zai iya yin sa. Tsofaffin Zangwetin da suka rage suna nan a warwatse a unguwannin birnin, kowace shekara kuma ana raguwa. Ƙungiyoyin matasan Hausawa za su iya raba aikin a tsakaninsu, su bi gidajen iyaye da kakanni, su ɗauki waƙa da take da kirari, tare da sunan wanda ya rera da inda ya koya. Akwai gidan adana kayan kiɗa a nan Wagadugu, akwai Makon Al'adu na Ƙasa da ake yi a Bobo Julaso, akwai makarantun koyon kiɗa a nan da Yamai. An taɓa yin makamancin wannan a ƙasar Hausa, lokacin da David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus ɗin kiɗan Hausa a 1971, don haka ba sabuwar hanya za a sara ba.

Idan an tattara, sai a nemi waɗanda suka iya rubutun kiɗa, ko a bariki ko a makarantu, su tsara wasu daga ciki yadda badujala za ta iya busawa, a kuma bar yaranmu masu sha'awa su koya ba tare da an yi musu gorin bariki ba. Ranar da badujala za ta ratsa titin Kwame Nkrumah tana busa waƙar da aka taɓa rerawa a dandalin da ke ƙarƙashin waɗannan benaye, ranar ce za mu san cewa gine-gine kawai aka rushe. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta kafin tulun ya fashe. Allah Ya sa masu abin yi su ji, su kuma hanzarta.